TEBURIN TAFI-DA-GIDANKA: AIKIN DA BAI FI ƘARFIN MAƘERAN DALA BA

Duk ma'aikacin gwamnatin da aiki ya taɓa kai shi ƙauye ya san wahalar rubutu a bisa cinya. Malamin asibiti da ya fita allurar rigakafi, da malamin gona da ya je rabon iri, da mai ƙidayar jama'a, kowannensu yana ɗauke da rajista da takardun da za a cike, amma sau da yawa ba shi da wurin ɗora su sai gwiwarsa ko kuwa murfin injin mota. Wasu sukan ɗauko teburin ofis su jefa a bayan mota, to, kafin a isa inda za a je gargada ta karya masa ƙafa, ko kuma ya yi ta zamewa yana bugun ƙaurin waɗanda ke zaune. In kuwa aka taka birki ba shiri, abin sai dai a ce Allah ya kiyaye.

Wannan matsala tana da magani, kuma maganin ba ya bukatar a yi odar kome daga ƙasar waje. Shi ne tebur mai ɗoruwa a kan ƙafa guda, wanda ake kafawa cikin mota ko cikin ƙaramar tirela in an tsaya, a cire shi a adana in za a tashi.

ASALIN ABIN

Tafiya da gida a kan hanya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, madugu yana gaba, kuma duk zangon da aka sauka sai a kwance kaya a shimfiɗa, da asuba a naɗe a ɗaure. Haka nan Fulani makiyaya suke yi har gobe. Ƙa'idar matafiyi guda ce: kada ya ɗauki abin da ba ya naɗewa, ko wanda amfaninsa ɗaya tak.

Turawa ne suka ɗora wannan ƙa'ida a kan taya. A shekarar 1885 aka ƙera wa wani likita mai suna William Gordon Stables keken doki mai ɗaki a birnin Bristol na Ingila, domin yawon shaƙatawa. Da mota ta yawaita sai aka koma ƙera ɗaki a kan tirela, mota tana jan sa. A farkon shekarun 1950 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya fara sa kayan ɗaki a cikin ƙananan bas na Volkswagen, irin waɗanda aka fi sani da Kombi, kuma kayan farko da ya yi duk masu ciruwa ne, yadda mai mota zai yi aiki da ita a ranakun mako, ran hutu ya mai da ita ɗakin kwana.

Mutanen Kano sun ga irin waɗannan motoci da idonsu. A shekarun 1970 da 1980 Turawa masu yawon buɗe ido sun riƙa ratso Hamada daga Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram, su sauka a sansanin baƙi da ke Titin Bompai su huta, su gyara abin da hanya ta lalata. Wannan zirga-zirga ta ja baya ƙwarai a shekarun 1990 saboda tashe-tashen hankulan da aka yi a Aljeriya da arewacin Nijar. Amma bukatar ɗaki mai tafiya ba ta tafi tare da su ba. Akwai asibitin tafi-da-gidanka, akwai kotun tafi-da-gidanka, akwai kuma makarantun 'ya'yan makiyaya waɗanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 1989. Kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar wurin rubutu wanda ba zai cinye fili ba.

YADDA AKA GINA SHI

Teburin kashi uku ne. Na farko shi ne gindi, wato faifan ƙarfe mai rami a tsakiya, wanda ake ɗaurewa a daɓen mota ya zauna nan dindindin. Na biyu shi ne ƙafa, wato bututun ƙarfe wanda ake zurawa cikin ramin. Na uku shi ne fuskar teburin, wadda ita ma aka ɗaura mata wani faifan mai rami a ƙarƙashinta domin ta hau kan bututun. In an gama aiki sai a ɗage fuskar, a zare bututun, ba abin da ya rage sai gindin.

Gindin iri biyu ne. Akwai wanda ke zaune a bisa daɓe ya yi tozo, shi ya fi sauƙin ɗaurawa amma yana sa tuntuɓe. Akwai kuma wanda ake yanka masa rami ya nutse ya yi daidai da daɓe, shi ya fi kyau ga motar da za a riƙa loda mata kaya, sai dai yana bukatar a sami sarari a ƙarƙashin mota. Wata dabarar kuma ita ce a kafa dogon ƙarfe a jikin bangon motar, a rataya gefe ɗaya na teburin a kansa, ɗaya gefen ya tsaya a kan ƙafa mai naɗewa. Wannan ya fi dacewa da dogon tebur, domin ƙafa guda a tsakiya ba ta riƙe shi sosai.

In aka jera benci biyu suna fuskantar juna, aka buga ɗan katako a gefen kowannensu daga ciki, to, da dare sai a sauke fuskar teburin ta zauna a kan katakan nan ta cike tsakanin bencinan. A shimfiɗa katifa, ofis ya zama gado. Ma'aikacin da ke rangadi inda babu gidan saukar baƙi shi zai fi kowa sanin darajar wannan.

YADDA AKE KAFA SHI

Aikin farko shi ne awo. Tsawon tebur daga ƙasa yakan kama daga santimita 70 zuwa 75, kuma a bar wa gwiwa sarari tsakanin benci da ƙarƙashin teburin. Kafin a taɓa ƙarfe, a yanko kwali daidai girman teburin, mutane su zauna a gwada, a ga ko ƙofa tana buɗuwa, ko mutum yana iya fita ba tare da ya tashi na kusa da shi ba. Kwali ba shi da tsada. Ramin da aka huda a wurin da bai dace ba kuwa ba ya komawa.

Aiki na biyu, wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne leƙa ƙarƙashin mota kafin a huda. A nan tankin mai yake, da bututun man birki, da wayoyin lantarki, da ƙarafan da ke ɗauke da bodi. Wanda ya huda daga sama bai duba ƙasa ba yana iya fasa tanki ko ya yanke bututun birki, ya jawo hasarar rai a kan tebur. Dabarar ita ce a fara huda ɗan ƙaramin rami guda a tsakiya, a zura waya, a shiga ƙasa a ga inda ta ɓullo. Haka kuma ba a yin walda kusa da tanki. Ya fi kyau a gama haɗa gindin a waje, sannan a kawo shi a ɗaure.

Na uku shi ne ɗauri. A nan ne akasarin masu aiki suke yin sake, su buga sukuru a cikin falanki ko siririn ƙarfen daɓe su ce an gama. Sukuru ba ya jure girgiza. Kwana kaɗan raminsa zai buɗe, teburin ya fara rawa. Abin da ya kamata shi ne a yi amfani da bol da noti waɗanda suka ratsa daɓen gaba ɗaya, a sa wani faifan ƙarfe mai kauri daga ƙasa wanda ya fi gindin faɗi, yadda daɓen zai kasance a matse tsakanin ƙarfe biyu. Kowane noti a sa masa washa mai hana kwancewa. Bakin kowane rami kuma a shafe shi da fenti mai hana tsatsa, a toshe da roba ko kwalta, domin ruwan damina da ƙurar hunturu duk ta nan suke shiga.

Na huɗu shi ne fuskar teburin. Filawud mai kaurin milimita 18 ya wadatar. A zagaye kusurwoyinsa huɗu kada su zama masu tsini, a yi masa ɗan baki a gefe don kada biro da kwalaben magani su gangaro. Bututun kuwa ya shiga raminsa daram, ba sako-sako ba; in da hali a yi masa makulli na sukuru a gefe wanda ake murɗawa da hannu.

Na ƙarshe shi ne wurin ajiya, kuma da yawa sukan manta da shi. Kafin a ce aiki ya kammala sai an tanadi inda fuskar da bututun za su kwanta a ɗaure da maɗauri lokacin tafiya. In tirela ce, a ajiye su ƙasa-ƙasa kusa da tayoyi, domin nauyin da ya taru a can baya shi ke sa tirela ta riƙa lilo a bayan mota. Kada kuma kowa ya zauna cikin tirela ana jan ta. A Ingila ma doka ce ta hana.

LISSAFIN DA KE CIKI

Ɗalibai masu nazarin kimiyya za su gane dalilin wannan tsanantawa da ɗan lissafi kaɗan. A ɗauka bututun yana da tsawon santimita 70, gindin kuma yana da faɗin santimita 20. Idan mutum ya tura teburin gefe da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 20, kamar yadda mai tashi daga zaune yakan yi, bututun ya zama tamkar ƙarfen ɓanɓare ƙusa. A ninka 20 sau 70, a raba da 20, za a ga kusoshin da ke ɗaya gefen suna ɗaukar fizgar da ta kai kilo 70, wato ninki uku da rabi. Wannan shi ya sa faɗin gindi da faifan ƙasa suka fi kaurin bututu muhimmanci.

Lissafi na biyu ya fi ban tsoro. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan ta yi karo ta tsaya cikin rabin mita, duk abin da ke cikinta zai fizgu gaba da ƙarfin da ya kai kusan ninki 20 na nauyinsa. Ke nan fuskar tebur mai kilo 10 za ta fizgi abin da ke riƙe da ita kamar kaya mai kilo 200. In ba a ɗaure take ba, za ta ci gaba da tafiya da gudun da motar take yi har sai ta sami abin da zai tsai da ita, wanda sau da yawa ƙeyar direba ce. Tun 1988 da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ake yi wa jama'a gargaɗi game da ɗamara da lodi fiye da kima, to, kayan da ke yawo sakaka cikin mota su ma suna cikin wannan babi. Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana nan kusa ga mai son ganin abin da haɗarin mota ke bari a jikin ɗan Adam.

ME YA SA DALA?

Ba yau aka fara sarrafa ƙarfe a gindin Dutsen Dala ba. Binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna ana narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, wato ɗaruruwan shekaru kafin Sarki Gijimasu ya fara gina ganuwa, kafin kuma Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Jikokin maƙeran da suka yi fartanya da linzami da ƙofofin birni su ne yau suke riƙe da injin walda. A Kasuwar Ƙofar Ruwa ana samun bututu da faifan ƙarfe da bol da noti da kayan gyaran mota iri-iri, katako da filawud kuwa ga 'Yan Katako a Na'ibawa. Masu waldar da suke ƙera ƙofofi da tagogi, suke kuma gyara kujerun motocin haya, ba abin da zai gagare su a wannan aiki in an ba su zane da awo.

Abin da ake bukata shi ne haɗin kai tsakanin mutum uku: mai walda ya haɗa gindi da bututu, kafinta ya yi fuska da benci, makanike kuma ya nuna inda za a huda da inda ba za a huda ba. Matsala takan taso ne in mutum ɗaya ya ce shi zai yi duka, ko kuma mai motar ya matsa a rage kuɗi har a bar faifan ƙasa. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma fa'ida ga baitulmali. Gindin da aka sayo daga waje in ya karye sai a jira wani, motar tana ajiye. Wanda aka ƙera a gida kuwa, maƙerinsa yana nan, da safe a kai masa da yamma a karɓa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka ya kamata jami'an da ke kula da motocin ma'aikatu, musamman na lafiya da ilmi da aikin gona, su sa wannan cikin tsarinsu tun lokacin da ake shirya mota, kuma kada su sa hannu a takardar biya sai sun durƙusa sun leƙa ƙarƙashinta sun ga faifan da notinan da idonsu. Kwalejojin fasaha da makarantun koyon sana'a su ma suna iya ba ɗalibansu wannan aiki a matsayin gwaji, domin ya haɗa awo da walda da kafinta da lissafi a wuri guda. Direba kuma ya riƙa bin notinan da sifana duk lokacin da aka dawo daga doguwar tafiya, kamar yadda yake duba mai da ruwa kafin ya tashi.