Ƙyallen Tela, Ƙaro da Fuskar Ɗalibi

Makarantar tana bakin gari, daidai inda gidaje suka ƙare gonakin dawa suka fara, a ɗaya daga cikin garuruwan arewacin jihar Kaduna. Ƙaramar sakandare ce ta gwamnati, jeka-ka-dawo, maza da mata a aji ɗaya, maza a layin taga, mata a layin ƙofa. Ba ta da ɗakin zane. Malamin zane ɗaya gare ta, shi ke fama da aji ɗaya har zuwa aji uku, sai wani tsohon akwatin ƙarfe a ofishin malamai inda yake ajiye almakashi, fensira da ragowar fentin da ya daskare tun bara. Darasinsa da aji biyu ranar Laraba ne bayan an dawo daga tara, zama biyu a jere, minti 40 kowanne.

A zango na biyu, cikin hunturu, yake ba su aikin da duk makarantar ta san shi da shi: kowa ya yi hoton kansa a kan kwali, ya haɗa aƙalla abu uku daban-daban, fensir kaɗai bai wadatar ba. Sharaɗinsa ɗaya ne. "Kada wanda ya saya mini komai. Duk wanda ya je kanti zan rage masa maki." Ya san iyayen da yake hulɗa da su. Uban da ya sha fama kafin ya ɗinka yunifom ya biya kuɗin PTA, ba za a aika masa da takardar sayen fenti da buroshi ba, in kuwa aka aika, yaron ne zai daina zuwa ran Laraba. Tun da aka sake manhajar ilimin bai-ɗaya wajen 2007, aka cusa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda, littafin yana lissafa kayan aiki kamar kowace makaranta tana da rumbun ajiyarsu. Malam ya daɗe da daina jiran wannan rumbun.

Makon farko na madubi ne. Wani ya zo da ɓallin madubin babur ɗin yayansa, wata ta zo da murfin hodar innarta, wasu uku suna karɓa-karɓa da fasasshen gilashi. Ajin ya kaure da dariya, 'yan mata suna rufe baki da hijabi. Ba abin mamaki ba ne. Yaron da aka rene shi da cewa yabon kai jahilci, yarinyar da ke shan faɗa in ta daɗe a gaban madubi, yau an ce su ƙura wa fuskarsu ido har minti goma. Malam ba ya tsawatarwa, yakan bari dariyar ta lafa, sannan ya hau allo. Kusan kowane yaro yakan ɗora idanu can saman goshi. Sai ya ce musu idanu a tsakiyar kai suke, tsakanin ido da ido kuma faɗin ido ɗaya ne, kunne yana farawa daga saitin gira ya ƙare a saitin ƙasan hanci. Ba sa yarda. "Malam, wallahi nawa a sama suke." Sai ya sa a karyo tsinken tsintsiya, kowa ya auna daga haɓa zuwa ido, daga ido zuwa tsakar ka. Nan za ka ga yaro ya auna, ya sake aunawa, ya juya ya auna maƙwabcinsa, ya ce, "Kai! Ashe haka ne."

Daga Alhamis zuwa Lahadi farautar kaya ake yi. Teloli sun saba, da sun ga 'yan aji biyu sun doso shago sai su turo musu buhun ƙyalle: atamfa, shadda, yadi, guntun leshi. Dukawa suna ba da ragowar fata. Kwali ne ke wahala, domin yanzu kuɗi ne, masu kanti suna tara shi su sayar, sai an haɗa da roƙo ko a bi ta wajen kawu. Maimakon gam, ana jiƙa ƙaro ya kwana, ko a dama sitacin rogo a kan wuta har ya yi yauƙi. Launi kuwa daga madafa da kasuwa yake fitowa: gangamau don ruwan ɗorawa, karan dafi don ja, bular wanki don shuɗi, lalle, gawayi, farar ƙasa, jar ƙasa. Kowace shekara sai an sami wadda ta dogara da zoɓo, ta shafa shi jawur da daddare, gari ya waye ya koma wani ruwan toka mai duhu, ta zo tana hawaye. Malam yakan ce ta bar shi haka nan, ta nemi wurin da wannan launin zai yi mata amfani. Iskar hunturu ma tana da nata: ƙaro yana bushewa kafin a liƙa ƙyallen, kwali yana lanƙwashewa, dole a danne shi da bulo ya kwana.

Wurin da na ga Malam ya fi tsayawa shi ne launin fata. 'Yan mata da yawa, har da wasu mazan, sukan bar fuskar fara fat, ko su shafa gangamau kaɗan don ta yi haske irin na jaruman fim. Ba ya yi musu wa'azi a kan man bilicin, ko da yake ya san wasunsu sun fara leƙen kwalaben yayyensu. Yana da murfin robar fenti da yake haɗi a kai: ruwan ganyen shayi mai kauri, jar ƙasa da aka tankaɗe, ɗan garin gawayi, ɗigon ƙaro. Sai ya shafa a gefen kwali, ya ce yarinya ta ɗora bayan hannunta kusa. "Ya yi daidai?" "A'a Malam, na fi shi duhu." "To ƙara gawayi." Haka za a yi ta ƙari da ragi har sai ita da bakinta ta ce, "Yauwa, wannan ne." A ganina ko wannan kaɗai ya isa a ba darasin muhimmanci. Yarinya 'yar shekara 13 ta zauna ta nemo ainihin launinta da hannunta, ta same shi, ta ce yauwa, a garin da kowane kantin kayan kwalliya ke gaya mata cewa da sauran gyara.

Akwai maganar da ba a tsallake ta a wannan ƙasa, maganar zana abu mai rai. Wani dattijo ya taɓa zuwa har ofishin malamai, ya gaisa a mutunce, ya ce, "Malam, na ji an ce kun sa yara su zana mutum. Ni dai ɗana ba zai yi ba." Malam ya ba shi kujera, ya kira malamin darasin addini, suka zauna su uku. Malamin addinin ya yi bayanin abin da ya karanta a littattafan Malikiyya, cewa inda aka fi tsanantawa shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa, zane a kan takarda kuwa hukuncinsa ya fi sauƙi, kuma akwai malaman da suka hana duka. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce shi yana tare da masu hanawa. Malam ya ce, "Baba, ba komai. Ɗanku zai yi aikinsa ba tare da fuska ba, makinsa kuma ba zai ragu ba." Tun daga ranar wannan zaɓi yake buɗe ga kowa. Doka ɗaya ya ƙara da kansa: ba a liƙa takarda mai ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, don bai san inda kwalin zai ƙare ba.

Aikin ɗan dattijon nan yana cikin waɗanda suka fi tsaya mini a rai. Ya yanka hula daga tsohuwar hular mahaifinsa, ya yi riga da ƙyallen farar shadda, ya ɗinka mata aska biyu da baƙin zare. A gurbin fuska ya yanko fata mai siffar allo, ya cika ta da zayyana irin ta allon sauka, murabba'i cikin murabba'i, ja da rawaya da baƙi, ba harafi ko ɗaya. Ya kusa sauka a makarantar allo, kuma duk ajin sun gane shi kafin ya buɗe baki. Wanda ya san ƙasar nan ba zai yi mamaki ba. Mutanen da suka ƙawata bangon gidaje da dagi, suka cika hula da babbar riga da aiki, suka gina masallacin Juma'a na Zariya a hannun Babban Gwani tun ƙarni na 19, sun daɗe suna bayyana ko su wane ne ba tare da sun zana ido da hanci ba.

Wata yarinya kuma ta yi hijabinta da ragowar yadin yunifom, ta ɗora wa kanta ƙaramin faranti da ta yanko daga gwangwanin madara, ta liƙa masa ɓawon gyaɗa. Talla take yi in an tashi. Bayan kanta ta shimfiɗa shafukan tsohon littafin lissafinta, har da jan biron malami, a ƙasa kuma siririn ƙyallen atamfa kore. Da aka tambaye ta, ta ce, "Zanen Innata ne, Allah ya jiƙanta." Ajin ya amsa da amin. Wani yaro mai bille ya ɗinka billensa da zare, ya huda kwalin da allurar buhu. Wani mai irin wannan tsagar ya bar kumatunsa sumul. Malam bai ce wa kowannensu komai ba. Akwai kuma yaran da iyayensu suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. Ɗaya daga cikinsu ya yi fuskarsa ƙarama a kusurwa, ya cika sauran kwalin da rumbuna da shanu na kara, irin karan da yara ke yin mota da shi.

Malam yakan nuna musu hotuna a wayarsa, ana miƙa ta daga benci zuwa benci. Yana nuna musu aikin El Anatsui, mutumin Ghana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, wanda ke ɗinke dubban murafen kwalabe da wayar jan ƙarfe su zama kamar ƙaton mayafi, ana rataye su a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka. Yana gaya musu cewa a nan kusa, a Zariya, a 1958, wasu ɗaliban zane irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya, suka ce za su koyi dabarun Turawa amma da abin gida za su yi magana. Yaran sun san Zariya, wasunsu suna da 'yan'uwa a can. Jin cewa abin a kusa da su ya faru yakan sa su gyara zama.

Ranar ba da maki kowa yana fitowa gaban allo da kwalinsa, ya faɗi abin da ya haɗa da dalilin haɗa shi. Dokar makaranta a yi Turanci. Malam yakan bari su fara da Turancin, in magana ta sarƙe ya ce, "Faɗa da Hausa." Nan ne yaran da ba a taɓa jin muryarsu ba tun farkon shekara suke magana. A sauran darussa amsar tana cikin abin da malami ya rubuta a allo, a kwafa a haddace. A wannan aikin ɗalibin ne kaɗai ya san amsar, kuma abin takaici ne a ce shi ne darasin da aka fi saurin karɓe wa lokaci. In baƙi za su zo daga ma'aikatar ilimi, lokacin zane ake ɗauka a yi shara. In jarrabawa ta matso, shi ake ba malamin lissafi. Na ji Malam yana cewa shugaban makaranta, "Ranka ya daɗe, Larabar nan dai a bar mini ita, kwalayen sun bushe, yau za su gabatar." Aka bar masa zama ɗaya, aka karɓe ɗaya.

Bayan maki, yana kafa ayyukan a bangon aji da ƙusa da murfin lemo. Ba sa wuce damina: rufin yana yoyo, gara kuma tana son sitaci. Ya rubuta takardar neman kabad, an ce ya jira kuɗin PTA. Saboda haka yana ɗaukar hoton kowanne a waya, sannan ya ce duk mai so ya tafi da nasa gida. Wata ta ce gwaggonta ta rataye nata kusa da jeren kwanuka. Wani ya ce ƙanensa ya ɓalle ƙyallayen, aka hura wuta da kwalin. Yarinyar nan mai gyaɗa ta tambaye shi ko za ta iya ci gaba da zane in ta gama aji uku, ta rubuta shi a WAEC. Ya gaya mata gaskiya: babbar sakandaren garin ba ta da malamin zane, sai dai in iyayenta za su iya tura ta Zariya. Ya ce ta turo masa kawunta ran Asabar su yi magana.