Kafin a Ce Famfon Mai Ya Mutu

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ke hawa motar haya tsakanin Samaru da Sabon Gari ya san wannan: mota na tafiya lafiya, tana fara hawa gadar Kwangila sai ta yi ta fizga, direba ya taka totur ta ƙi amsawa, daga nan ta mutu. Kafin ya buɗe ƙofa fasinjoji sun yanke hukunci, wai famfon mai ne. Wani lokaci suna da gaskiya. Amma a watannin da na yi SIWES a wani gareji a Sabon Gari, na ga famfuna da dama da aka cire aka jefar alhali lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa nake so mu duba abin da ke cikin tankin nan.

A tsofaffin motoci masu kafireta, irin su Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, famfon yana jikin inji, injin ne ke motsa shi. Motocin injekta kuwa, su Golf 3, Sharon, Corolla da Honda, famfonsu na lantarki ne, kuma a cikin tanki yake zaune, nitse cikin fetur. Aikinsa ya tura mai zuwa nozul da matsi na kusan bar 3 a yawancin motoci. Tare da shi akwai 'yar rariya a gindinsa, da fulot mai gaya wa geji yawan mai, da guntun tiyo da ya haɗa famfon da murfin sama.

Fetur ɗin da famfon ke ciki shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke masa aikin man shafawa. To tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane nawa ne ke cika tanki? Lita uku, lita biyar, fitilar gargaɗi na ci kullum. A zafin Maris da Afrilu na Zariya, famfon da ke jan iska rabi mai rabi ba zai yi tsawon rai ba. Ƙara da man 'yan bumburutu, wanda ba ka san jarkar da ya kwana a ciki ba. Ko na gidan mai ma ya taɓa ba mu kunya: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, hukuma ta amsa da bakinta, masu motoci kuma suka yi ta kukan lalacewar inji.

Gwajin farko ba ya buƙatar ko sifana. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, kada ka tayar, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Famfo mai rai zai yi 'yar ƙara kamar ƙudan zuma na daƙiƙa biyu, ya yi shiru. In ba ka ji komai ba, kada ka ruga kasuwa tukuna. Duba fiyus. Duba rile, za ka iya musanya shi da wani irinsa na cikin akwatin ka gani. Sai ka sa mita a soket ɗin famfon: wutar batir, wato 12V, tana isowa a waɗannan daƙiƙun? Wayar at fa, ba ta yi tsatsa ba? In wuta ba ta zuwa, aikin na rewaya ne, ko famfo goma ka saya motar ba za ta tashi ba. Dabarar dukan gindin tanki da direbobi ke yi tana aiki wani sa'in, domin tana girgiza burushin da ya cinye. In mota ta tashi bayan duka, to famfon ne, kuma kwanansa ya kusa ƙarewa.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne famfo na ƙara amma mota ba ƙarfi. Nan rariya ce abin zargi na farko, sai filtar mai, sai guntun tiyon cikin tanki. In tiyon ya tsage, famfo zai yi ta turo mai, man yana komawa cikin tanki ta tsagar. Maigidana a gareji ba ya yarda a kawo sabon famfo sai ya ɗaura gejin matsi ya gani da idonsa. Ni a ganina duk garejin da ke taɓa motar injekta ba shi da wannan gejin, duba yake yi, ba gyara ba.

Maganar tiyo kuma, ba kowane baƙin roba ba ne na fetur. Karanta rubutun jikinsa. SAE J30R7 na ƙaramin matsi ne, irin na kafireta. R9 shi ne na injekta. Wanda zai zauna cikin tanki kuwa sai R10, domin shi ne aka yi bayansa ma ya jure jiƙa da fetur. Ka sa na waje a ciki, bayan ɗan lokaci zai kumbura ya yi laushi kamar tuwo, ya zame. Yi wa bakunan tiyon alama kafin ka cire, kada mai zuwa inji ya koma gurbin mai dawowa. Kuma a sa kilif, ba wayar ɗauri ba.

Fulot abu ne mai sauƙi, duk wanda ya yi darasin lantarki a ND 1 zai gane shi: ƙwallo mai yawo a kan mai, da sanda, da resista mai canzawa. Ciro shi, sa mita a ma'aunin om, ɗaga sandar a hankali. Lambar ta riƙa tafiya sumul. In tana tsalle ko ta ɓace a tsakiya, layin ya cinye. Geji mai ƙarya ba ya hana mota tafiya, sai dai ya sa direba ya ƙarar da mai bai sani ba, a kuma ɗora wa famfo laifi.

A Corolla ƙofar famfon na ƙarƙashin kujerar baya, a wasu motocin tana cikin but, wasu kuma sai an sauke tanki. Kafin ka kwance komai, cire fiyus ɗin famfo, tayar da mota har ta mutu da kanta don matsin ya sauka, sannan ka cire kan batir na nagatif. A yi aikin a fili, nesa da mai walda da mai shan sigari, domin tankin da ba mai ya fi cikakke haɗari, tururin ne ke kamawa. In ka zo rufewa, duba robar bakin murfin. In ta bushe a canza ta, in ba haka ba ranar da aka cika tanki warin fetur zai cika motar.