Taliya, Shinkafa da Ƙwayar Cutar da ke Jure Wuta

Ranar kasuwa a Isa ko Sabon Birni, magidanci kan zaunar da yaransa wurin mai abinci, a zubo musu taliya ko shinkafa da mai da yaji. Sai dai akwai ƙwayar cuta, Bacillus cereus, wadda dafuwa ba ta kashe irinta. Idan abincin ya huce ya yini cikin zafin Gobir, sai ta hayayyafa, ta saki dafin da ɗumame ba ya karyawa. Amai kan biyo baya cikin awa 6. A Japan, ruwan khal da ake zuba wa shinkafar sushi yana hana ƙwayar yaɗuwa, Italiyawa kuwa da zarar sun tsame taliya sai ci. Saboda haka, kafin a sa hannu, a tambayi mai abinci: yaushe aka sauke?