Tafiye-tafiyen lokacin ɗari: ina mutumin Arewa zai nufa?

Damana ta wuce. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, an kai rumbu. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu sanyi yana sauka, rana ba ta da zafi, hanyoyin da ruwa ya yanke sun bushe. Ƴan lakkwal ma suna samun hutu a ƙarshen Disamba. A shekara duka babu lokacin da ya fi wannan daɗin tafiya ga manomi. Turawa da nasu sanyin ya tsananta sai su hau jirgi su nemi ƙasa mai rana. Mutumin Arewa ba ya bukatar jirgi. Abin kallo yana kusa da ƙofarsa, wani amalanke ma ta isa ta kai shi.

Dutsi da garake

A fara da Dogon Dutsi. Garin ya samu sunansa daga dutsen da ke tsaye a kansa, wanda matafiyi ke hangowa tun daga nesa. Mai ƙarfin gwiwa ya hau tudu da safe, kafin hazo ya yi kauri, zai ga garin duka a ƙasansa. Ranar Juma'a kasuwa ke ci. Wanda ya zo ranar ya ga kasuwa, ya ga dangi, tafiya guda ta biya bukata biyu.

Amma abin da ya fi amfanar manomi shi ne garake. A bakin Tafkin Saw mutane suna noman rani: salati, kabeji, tumatir, albasa da dankalin Turawa. Haka abin yake a kudu, cikin kwarin da ake kira Dallol Mawri, wajen Kore Mai Ruwa, Dumega, Tibiri da Gesheme. A cikin kwarin ruwa ba shi da nisa, rijiya ba ta wahalar gina. Akwai rake, rogo, zogale da mangwaro. Wanda ya je kada ya tsaya ga shan rake kawai. Ya tambayi mai garka yaushe ya zuba iri, sau nawa yake ban ruwa, ina yake kai kayansa. Gani ya kori ji. Mutum ya kan dawo da ƙullin iri a aljihu, badi a ga garka a bayan gidansa.

Lugu, garin Sarauniya

Arewa da Dogon Dutsi, kamar kilomita 15, akwai Matankari, tsohon garin Sarkin Arewa. Tsofaffi suna cewa sarautar ta fito daga zuriyar Ari, ɗan sarkin Barno. Amma kafin zuwansu akwai masu ƙasa, Gubawa, kuma manyan garuruwansu biyu ne: Bagaji, wurin Baura, da Lugu, wurin Sarauniya.

Lugu ƙaramin ƙauye ne cikin duwatsu, amma sunansa ya kai ƙasashen duniya. A shekarar 1899 wata rundunar Faransa ta ratsa ƙasar nan. Shugabanninta Voulet da Chanoine. Duk inda suka bi sai ƙone gari da kisan jama'a. A watan Afrilu suka iso Lugu. Sarauniya Mangu ta ƙi miƙa wuya. Mutanenta suka tare su da baka da kibiya, su kuwa suna da bindigogi. An ƙone garin, Sarauniya da jama'arta suka shige daji, ba a kama ta ba. Bayan wata uku, a watan Yuli, sojojin Turawan nan biyu suka kashe su da kansu, can wajen Tasawa. Kaburburansu suna Maijirgi.

Abdullahi Mamani ya rubuta littafi a kan wannan labari a 1980, kuma Med Hondo ya mai da shi silima a 1986. Mutanen birni da yawa sun san Lugu ta takarda, alhali yaro ɗan Arewa yana iya girma bai taɓa taka wurin ba. Wannan abin kunya ne kaɗan. A Lugu ne kuma dutsen Tunguma yake, wanda mutanen da suke kai ƙara gabansa in an yi sata ko gardama. Baƙo ko bai yarda da al'adar ba, ya shiga da ladabi. Ya gai da manyan gari tukuna, kada ya taɓa abin da ba a ce ya taɓa ba, kada ya ɗaga salula ya ɗauki hoto sai an ba shi izini.

Doso da raƙuman dawa

Mai ɗan kuɗin mota yana iya bin babbar hanya zuwa Doso, ya ga fadar Zarmakwai. Ranar 18 ga Disamba ita ce sallar Jamhuriya, tunawa da 1958. A 2014 a Doso aka yi babban bikin, shi ne ake kira Doso Soga.

Kokowar takobi ma a watannin sanyi ta fi faɗowa. An fara ta a Tawa a 1975, kuma jihohi ne ke karɓar ta bi da bi. A Disamban 2024 Doso ta karɓa. Isaka Isaka, ɗan kokowar jihar Doso, ya ɗauki takobi har sau 6, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. Wanda zai je kallo ya nemi masauki wurin ɗan'uwa tun da wuri, don gari ya kan cika.

Gaba da Doso, wajen Kure, kamar kilomita 60 kafin Yamai, akwai raƙuman dawa. Irinsu ya ƙare a sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, a Nijar kaɗai suka saura. A 1996 guda 49 aka ƙirga. Da aka hana farauta, mutanen ƙauyuka suka sa ido, sai suka haura 600. Da rani suna gangarawa kwarin Dallol Boso, inda gawo ke da ganye lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe.

Kafin a ɗaura kaya

A nan ne maigida zai yi lissafi. Da kaka hatsi yana da araha, da damana kuwa tsada gare shi. Wanda ya buɗe rumbu ya sayar don kuɗin mota, shi ne zai sayi hatsin nan da tsada lokacin noma, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago. Kuɗin tafiya su fito daga wake, gyaɗa, ko akuya guda. In babu, Dutsi da Tibiri sun isa, Yamai ba za ta gudu ba.

Sai maganar hanya. A shekarun nan ƴan bindiga sun sha tare mutane a arewacin gundumar Dogon Dutsi da bakin iyaka. A Kure ma, a watan Agustan 2020, an kashe mutum 8, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2. Saboda haka mai niyyar Lugu, Bagaji ko Kure ya tambayi maigari, jandarma da direbobin tasha kafin ya tashi. In sun ce a dakata, a dakata. A tashi da safe, a sauka kafin magariba, a riƙe katin ɗan ƙasa. Mai zuwa wurin dangi a Kangiwa ko Argungu ya tambaya ko iyaka a buɗe take, don an rufe ta a 2019, an sake rufewa a 2023.

Iskar hunturu tana kawo mura da tari, kuma da rani ne sanƙarau ke yawo, kamar yadda ya yi ɓarna a jihar Doso a 2015. A rufe wa yara kai da ƙirji a bayan mota, a ɗauki bargo da takardar rigakafinsu. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi kuma wuyansa ya sanƙare, a kai shi likita ta garin da ake, kada a jira sai an komo gida.