Abin da Layukan Rajista Ba Sa Ɗauka

Na isa wani ƙauye a yankin Madawa lokacin cirar albasa, ina son in ji yadda manoma ke sanin farashin kasuwannin nesa. Bayan an ba ni ruwa, aka kai ni wurin magatakardan ƙungiyarsu.

Ya buɗe rajista mai layuka: suna, yawan buhu, kuɗi. Irin wannan ne masana kwamfuta ke kira bayanai masu tsari, kowane abu da gurbinsa. Can sai ya rufe ta, ya zaro waya mai fasasshen gilashi.

"Malam, ai aikin yana cikin nan," in ji shi.

Muka shiga WhatsApp. Ga muryar direba daga Kumasi, yana cewa albasa ta cika kasuwa, a dakata da lodi. Ga hoton ganyen da ya yi fari, mai gonar na tambayar cutar. Ga bidiyon rudun ajiyar albasa da ruwa ya shiga, ga takardar bashi da ajami. Su ne bayanai marasa tsari, kuma daga bakin mutane da idonsu da hannunsu suke fitowa. Wanda bai yi lakwal ba, dannawa kawai yake ya yi magana.

Na tambaye shi inda yake adana su. Ya yi shiru.

"In waya ta cika, gogewa nake. Bara na goge muryar wani dattijo da ya koya mana gane albasar da za ta jure ajiya. Bana ya rasu. Wallahi har yau abin na ci mini rai."

Wata tsohuwa 'yar Keita, da aure ya kawo ta garin, ta sa baki. Ta ce ta ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 da tallafin Italiya.

"Ɗana, an ƙirga itatuwan da muka dasa. Wa ya tambaye mu inda ruwa ke fara yanke gona?"

Irin wannan sani yana nan wurin dattawan kwarin Majiya a Buza, inda aka fara dasa layukan bedi a 1975 don tare iska.

Ya ku matasa masu waya, ku ɗauki muryoyin iyayenku, ku rubuta rana da gari, ku adana a wuri biyu tun suna raye.