Wiski: Asalinsa, Yadda Ake Haɗa Shi da Matsayinsa a Fiƙihu

Gabatarwa

Malaman usulu sun tabbatar da cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. A kan wannan ne muƙalar nan za ta yi bayanin wiski, wato barasar hatsi da ake tsimawa a gangar katako, wadda ƙasar Sikotlan ta shahara da ita.

Tarihi

Fasahar tace ruwa ta hanyar tururi, wadda Larabawa ke kira taƙɗir, ta bunƙasa a hannun masana irin su Jabir ɗan Hayyan, da Alkindi wanda ya yi rubutu kan tatsar turare. Ta isa Turai ta hanyar fassarar littattafai, aka fara amfani da ita wajen haɗa magani. Sunan wiski kansa ya fito ne daga harshen Gelik, ma'anarsa ruwan rayuwa. Ambatonsa mafi daɗewa a Sikotlan yana cikin kundin baitulmalin sarki na 1494, inda aka rubuta an ba wani malamin coci tsiron sha'ir don ya tatsa. Majalisar ƙasar ta ɗora masa haraji a 1644, sai tatsar ɓoye ta yawaita, har dokar 1823 ta sauƙaƙa samun lasisi.

Matakan Haɗawa

Da farko ana jiƙa sha'ir har ya tsira, sannan a busar da shi. Tsirowar ce ke samar da sinadaran da ke mayar da sitaci sukari. Sai a niƙa, a kwaɓa da ruwan zafi, a tace ruwan mai zaƙi, a zuba masa yisti. Cikin kwana biyu zuwa uku yisti zai mayar da sukarin barasa, kimanin kashi 8 cikin ɗari. Daga nan a dafa ruwan a tukwanen jan ƙarfe, galibi sau biyu. Barasa na tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai 100, don haka tururin da ke tashi ya fi yawan barasa. Idan ya huce, ƙarfinsa kan kai wajen kashi 70. A ƙarshe a ɗura a gangunan itacen da Larabawa ke kira balluɗ. Dokar Birtaniya ta 2009 ta shar'anta aƙalla shekara uku a ganga, da ƙarfin da bai gaza kashi 40 ba.

Duba na Fiƙihu

Abubuwa uku suka fito daga wannan bayani. Na ɗaya, maye yana samuwa tun a matakin yisti. Dafawa tattara shi kawai take yi. Imamu Malik da Shafi'i da Ahmad sun ɗauki duk abin da ke bugarwa a matsayin hamru, kuma Buhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) ya lissafa alkama da sha'ir cikin abubuwan da ake yin ta da su. An san Imamu Abu Hanifa ya keɓe sunan ga ruwan inabi, amma fatawar mazhabarsa ta tsaya a kan maganar almajirinsa Muhammad Ash-Shaibani, wanda ya haramta kaɗan da mai yawa.

Na biyu, zaman ganga ba istihala ba ne. Giya idan ta zama khal barasarta ce ke rikiɗewa ta koma tsami. A ganga kuwa launi da ƙamshi ne ke sauyawa, barasar tana nan.

Na uku, katakon kan tsotse wani ɓangare na abin da aka ɗura masa, kuma a yau ana tsima wasu kayan abinci, kamar 'ya'yan kofi, a tsofaffin gangunan wiski.

Kammalawa

Haramcin shan wiski ba ya buƙatar dogon bincike. Inda ake buƙatar ijtihadi shi ne irin waɗannan kayan abinci: shin abin da ya rage a cikinsu zatin barasa ne ko ƙamshi kawai? Ya kamata mai fatawa ya nemi bayanin masana sinadarai kafin ya amsa. Allah ne Mafi sani.