Kifi a bayan jinga: ƙananan madatsun ruwan Damagaram

A watan Fabrairu, sa'ad da hunturu ya gama share gonakin gero, bakin ƙaramin baraji, wato madatsar ruwa, irin na Kasama ko Tumbala yakan zama kamar wata ƙasa dabam. Lambuna sun yi kore shar, shanu na gangarowa shan ruwa, balbelu na bin sawunsu. Can cikin ruwa masunci ya kife a kan gora yana tura kansa da ƙafa, yana duba tarun da ya shimfiɗa tun daren jiya. Mata na jira a gaɓa da kwanoni. Dukkan wannan hada-hada tana jingine ne da abu ɗaya da ba kasafai ake ɗaga kai a dube shi ba, wato jingar ƙasa da ta tare ruwan.

Damagaram ta san ƙishirwa tun fil azal. Birnin Zinder a kan dutse yake zaune, ƙasarsa ba ta ajiye ruwa, kuma ƙarancin ruwan yana cikin dalilan da aka bayar lokacin da Faransawa suka mayar da babban birnin mulkinsu zuwa Yamai a 1926. Ruwan sama a kewayen birnin bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya ba a shekara, kuma yakan zubo ne cikin wata uku, da ƙarfi, ya bi kwazazzabai ya wuce. Don haka tunanin tare shi ba baƙo ba ne. A shekarun 2000 ya samu kuɗi: shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadu, wanda aka tafiyar da kuɗin yafe bashi, ya gina ƙananan madatsun ruwa a sassan ƙasar, sannan shirin PADAZ, da tallafin Bankin Raya Afirka, ya gina na Kasama da Tumbala.

Noman rani da shayar da dabbobi aka yi wa ginin. Kifi daga baya ya shigo, amma shi ne ya fi saurin sa wa mutane kuɗi a aljihu. Jami'an gandun daji, waɗanda kamun kifi ke ƙarƙashinsu, sun daɗe suna zuba ƴaƴan kifi a tabkuna da madatsun ruwa, su hana su na wasu watanni, sannan a buɗe. Kowane kifi da halinsa. Tarwaɗa tana jure ruwan da ya yi ɗumi ya rasa iska, shi ya sa ta fi dacewa da ruwan da ke ja baya da bazara. Karfasa tana hayayyafa kamar me, har in ba a rage ta ba sai ta cika ruwan ta tsumbure, a yi ta kamo ƙanana marasa daraja a kasuwa. Giwan ruwa sai ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa. Gaiwa kuwa ba ta damu ba, in ruwa ya janye sai ta shige laka ta kwanta har damana ta dawo.

Tsuntsaye ba wanda ya gayyace su. Kirinjijiya da ɗinya da zalɓe sukan sauka duk inda ruwa ya kwana, ga kuma agwagin da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 1987, kuma jahar Damagaram na da wurare biyu a jerin: tabkin Lasuri tun 2005, da tabkin Gidimuni da ke kan hanyar Gure tun 2019. Waɗannan tabkuna ne na Allah, ba ginin mutum ba. Sai dai tsuntsu ba ya bambance tabki da baraji, kuma a shekarar da ƙananan tabkuna suka ƙafe da wuri, ruwan bayan jinga yakan zama masauƙin da ya rage masa.

A nan ne buƙatu ke soma cin karo da juna. Kifi da tsuntsu suna son ruwa ya daɗe, suna son ciyawa da inuwa a gefe. Jinga kuwa tana son a bar ta fili, a riƙa ganin jikinta, kuma a bar rarar ruwa ta fita ba tare da shamaki ba.

Kowane baraji yana da mazuba, wato bakin da aka yi ƙasa-ƙasa da dutse da siminti domin ruwa ya zuba ta nan in ya cika. Masunci yana ganin mazuba a matsayin ƙofar da kifinsa ke gudu ta ciki, sai ya ɗaura mata raga. Mai lambu yana ganin ruwan da zai ba albasarsa a watan Maris yana zubewa a banza, sai ya jera buhunan yashi ya ɗaga bakin da taƙi ɗaya ko biyu. Kowanensu da hujjarsa, kuma ba mugunta ce ta sa shi ba. Amma ranar da hadari ya sauke ruwan mako guda cikin sa'a biyu, ragar nan tana tare kara da reshe da leda har ta zama bango, ruwa ya rasa hanya, ya haura kan jingar. Jingar ƙasa ba ta jure haka. Ruwan yakan fara cin bayanta, ya yanka ƙaramin kwari, kwarin ya faɗaɗa, cikin ɗan lokaci tabkin duka ya bi ta wurin.

Akwai kuma ɓarnar da ke tafiya a ɓoye. Itacen da ya tsiro a kan jinga yana da daɗin inuwa, amma saiwarsa tana huda ƙasar, in ya mutu saiwar ta ruɓe ta bar rami. Gafiya da damo suna haƙa gidajensu a jiki, gara tana gina shuri. Ruwa yakan sami waɗannan ramuka ya riƙa tsatsa ta ciki. Alamar tana fitowa ne a gindin jinga ta baya: wani wuri mai danshi da ciyawarsa ta fi ta ko'ina kore. In ruwan da ke tsatsowa garau yake, da sauran lokaci. In ya fito jajur da laka, to ƙasar jingar ce yake kwashewa, kuma magana ta zama ta gaggawa. Shanu ma suna da nasu rabon, domin turbar da suke bi kullum a kan jinga ita ce wurin da ya fi ƙasa, ta nan ruwa zai fara haurawa.

Yashi shi ne ciwon da ya haɗa kifi da jinga. Kowace damana kwazazzabai na kawo rairayi su zube a gindin baraji. Zurfi yana raguwa, rana tana shanye fiye da mita 2 na ruwa a shekara, sai tabkin da aka yi zaton zai kai damana ya ƙafe a Afrilu. Ruwa marar zurfi shi ne gadon kacalla, ciyawar da ta addabi Gidimuni kamar yadda ta addabi fadamar Haɗeja da Nguru: tana toshe hanyar taru, tana ba jan-baki mafakar da zai fito ya cinye gero, tana tara sauro da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Baraji da ya cika da yashi kuma ba shi da cikin da zai haɗiye ambaliya, duk abin da ya zo sai ya nufi mazuba.

Damanar 2024 ta nuna irin ruwan da za a riƙa tsammani. A faɗin Nijar kusan mutum 400 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa. A ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin unguwar Birni a Zinder, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a idon jama'a. Mako guda bayan haka madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Dattawan Kano ba su manta ɓallewar Bagauda a watan Agustan 1988 ba. Madatsun Damagaram ba su kai waɗannan girma ba, amma lambuna da rijiyoyi da gidaje a gindinsu suke, kuma ruwan yakan zo da dare.

Tushen matsalar shi ne kuɗin gini yana da ubangida, kuɗin gyara ba shi da shi. Shiri yakan zo da shekarunsa, ya gina, ya kafa kwamiti, ya naɗe tabarmarsa. Hukumar gari ba ta da injiniya, ma'aikatar gine-ginen karkara tana nesa, kwamitin kuma ba shi da asusu. Ga shi yawancin aikin ba na katafila ba ne: sare tsiro tun yana ƙarami, cike ramin gafiya da yumɓu a daddanne, mayar da dutsen da ya zame, kwashe shara daga mazuba.

Masunta ne suka fi dacewa da wannan gadi, domin su ne ke bakin ruwa safe da yamma, kuma su ne farkon masu asara in jinga ta tafi. Sarautar sarkin ruwa tana nan, mutane na jin maganarta wajen rufe su da buɗe shi. Abin da ya dace shi ne a ware wani kaso daga kuɗin kamun kifi ya shiga asusun jinga, a koya wa masunta alamun haɗari, a yarda cewa raga ba ta kwana a mazuba daga Yuni zuwa Satumba. Ciyawa da itatuwan da tsuntsu ke so a bar su can ƙuryar tabki, inda ruwa ke shigowa, nesa da jinga. A can suna tace yashi ma.

Ragowar aikin yana tudu, a gonaki. Manoman Magariya da Matamai da Mirya sun riga sun nuna abin da za a iya yi, da suka raya gawo a gonakinsu har ya rufe kusan hekta miliyan ɗaya. Irin wannan sassabe na zamani, da jeren duwatsu, da ramukan rabin wata a kan fako, su ne ke rage rairayin da kwazazzabo zai ɗauko. Wahalar ita ce mai gonar da ke kilomita goma sama da baraji ba ya cin kifinsa, kuma duk kwamitin da ke son ya jera dutse a gonarsa sai ya fara zama da shi a kan abin da zai samu.